Wai da gaske fiye da rabin matanmu na yawo da ƙarancin jini?

Abban_Sultana:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga ma'aikatan lafiya da ke cikinmu, da ma duk wanda ya san wani abu. A wani shirin lafiya na rediyo na ji an ce fiye da rabin matan Najeriya da ke shekarun haihuwa suna da ƙarancin jini. Maganar ta tsaya min a rai. Ke nan in ka ga mata goma a gidan suna, biyar ko shida jininsu bai kai ba? To amma ga su nan suna girki, suna wanki, suna zuwa kasuwa da ofis. Ni a sanina mai ƙarancin jini shi ne wanda aka kwantar a asibiti ana neman leda a ƙara masa. Shin alƙaluman nan gaskiya ne, ko ƙungiyoyi ne ke kambama abu don neman tallafi? Sannan mu maza fa, ba ma ciki?

Ɗan_Fagge:
Wa alaikumus salam. Ni ma ban yarda ba, Malam. Kakanninmu mata sun haifi goma-goma, sun yi surfe da daka har tsufa, ba wanda ya taɓa ce musu jininsu bai kai ba.

Sista_Rabi:
Malam Abban Sultana, ba kambamawa ba ce. Adadin daga binciken lafiya na ƙasa ya fito, wanda Hukumar Ƙidayar Jama'a ta gudanar a 2018. Gida-gida aka bi, aka huda yatsa aka auna jini nan take. An samu kashi 58 cikin ɗari na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 da ƙarancin jini, masu ciki kashi 61, yara 'yan wata 6 zuwa ƙasa da shekara biyar kuma kashi 68. Ni ungozoma ce, a ɗakin awo nake aiki, kuma wallahi abin da idona ke gani bai saɓa da wannan ba. Sai ka ja fatar idon mace ƙasa ka ga cikin fari fat, dasashi fari, tafin hannu fari. Ka ce me ke damunki, ta ce ba komai Sista, gajiya ce kawai.

Ɗan Fagge, ka yi haƙuri, ka tambayi tsofaffin gidanku mata nawa suka tafi wajen haihuwa a zamaninsu. Waɗanda suka kai tsufa su ka tarar.

Sani_ɗakin_gwaji:
Bari in ƙara a kan abin da Sista ta faɗa, don a nan ne ruɗanin yake. Abin da ake aunawa shi ne himogulobin, sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini mai ɗaukar iskar da muka shaƙa ya kai ta ko'ina a jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce namiji baligi in nasa ya gaza 13, mace marar ciki in ya gaza 12, mai ciki in ya gaza 11 (a tsakiyar ciki 10.5), to akwai ƙarancin jini. A asibitocinmu an fi rubuta PCV, wato kason da jajayen ƙwayoyi suka ɗauka a cikin jini. In ka ninka himogulobin sau uku za ka samu kusan adadin PCV ɗin, wato 12 ya yi daidai da wajen 36.

To wanda kake tunani, Malam, mai kwance ana neman leda, shi ne mai tsanani, kuma a binciken nan irinsu ba su wuce wajen kashi 2 ba. Sauran duk masu sauƙi ne da matsakaita. Mace mai 10 za ta yi girki, ta yi wanki, ta je aiki. Amma in ta hau bene sai ta tsaya ta yi haki, in ta miƙe da sauri ta ga jiri, yamma na yi ta zube. Da yake a hankali jinin ke sauka, jiki na sabawa, ita ma ta saba, mutanen gida ma su saba.

Maman_Hanifa:
Wallahi Malam Sani kamar labarina kake bayarwa. Na yi shekaru a haka. Ciwon kai, kasala, zuciya na bugawa fat-fat ko tsintsiya na ɗauka. Duk zuwa kemis sai a ce maleriya ce da taifod, a haɗo min allurai. In ji dama-dama kwana biyu, abu ya dawo. Har an fara cewa son jiki ne da ni. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ƙanƙara. In ban tauna ƙanƙara ba hankalina ba ya kwanciya, ko da sanyin hunturu ne. Wata likita mace ce ta fara tambayata kwana nawa nake yi ina al'ada, kuma da guda-guda take zuwa? Ba wanda ya taɓa yi min wannan tambayar, ni kuma na ɗauka haka kowa take yi. Da aka yi hoto aka ga ƙari ne a mahaifa, fibroid. Bayan an yi maganin zubar, na sha ƙwayar ƙarin jini na wasu watanni, kwaɗayin ƙanƙarar ya tafi shi kaɗai.

Ummu_Khairat:
Innalillahi. To ni farar ƙasa ce, kuma ba ciki gare ni ba. Har ɓoyewa nake yi don kada maigida ya gani. Shi ma alama ce?

Sista_Rabi:
Ummu Khairat, alama ce da aka sani sosai, 'yar'uwa. Ƙanƙara, farar ƙasa, jar ƙasa, gawayi, ɗanyar shinkafa, wasu har ƙamshin ƙasa in an yi yayyafi. Ba kowace mai yi ce ke da ƙarancin ba, amma ya isa dalilin zuwa a auna. Kuma ƙasar kanta tana hana hanji tsotse ɗan sinadarin ƙarfen da ke cikin abinci, wanda jiki ke haɗa jini da shi, ga tsutsar ciki da za a iya kwasa. Kada ki ji kunya, ki faɗa wa likita kai tsaye.

Hajiya_Babba:
'Ya'yan nan, ku dafa karan dafi ku riƙa sha, ko zoɓo ba sukari. Mu da shi aka yi mana. In an samu hali a haɗa maltina da madarar gwangwani safe da yamma, sati ɗaya jini ya dawo.

Auwal_Keke:
Gaskiyar Hajiya. Matata da ta haihu katan guda na saya mata.

Likitan_Zaure:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, a yi min afuwa zan ɗan saɓa. Madara abinci ce mai kyau amma kusan babu sinadarin ƙarfe a cikinta, kalsiyam ɗin da ke ciki ma yana rage yadda hanji ke karɓarsa. Lemon malt kuwa mafi yawansa sukari ne. Mutum zai ji ƙarfi na ɗan lokaci ya ɗauka jini ne ya ƙaru. Malam Auwal, kuɗin katan ɗin nan da hanta da ƙoda da wake ka saya da sun fi yi mata aiki. Zoɓo ba laifi a sha, amma jan launinsa ba shi ke zama jini ba. Kuma babu abin da ke dawo da jini a sati ɗaya in ba ƙarin jini a asibiti ba. Ɓargo ne ke ƙera jajayen ƙwayoyi, kowace takan yi kwana 120 tana aiki, ko da magani mai kyau sai an yi makonni kafin awo ya nuna canji sosai.

Amma abin da na fi so a riƙe shi ne wannan: ƙarancin jini alama ce, ba cuta guda ba. Ko dai jiki bai samu kayan haɗin ba, wato ƙarfe, folik asid ko bitamin B12. Ko jini na zuba ta wani wuri. Ko ƙwayoyin na fashewa kafin lokacinsu, kamar a maleriya da sikila. Ko wata doguwar cuta kamar ciwon ƙoda, tarin fuka ko ƙanjamau ta danne ɓargon. Ƙarancin ƙarfe shi ne kan gaba a duniya, ana yawan ƙiyasta shi da wajen rabi, amma a wurare irin namu da sauro ya yi yawa sauran dalilan na da babban kaso. Shi ya sa ban son mutum ya ji jiri ya tafi kemis ya ɗauko kwalbar tonik.

Abban Sultana ya tambayi maza. Namiji ba ya al'ada, ba ya haihuwa, abin da yake buƙata a rana wajen miligiram 8 ne, mace mai al'ada 18, mai ciki 27. Don haka in na ga namiji baligi, ko macen da ta daina al'ada, da ƙarancin ƙarfe, ba na tsayawa a kan abinci. Ina neman inda jinin ke fita, kuma yawanci ta ciki ne: gyambon ciki, basir mai jini, tsutsa, wani lokaci kuma ciwon daji na hanji, musamman in shekaru sun ja.

Garba_Birkila:
Likita ya faɗi gaskiya, ni shaida ne. Aikin gini nake yi, kullum dare sai na sha haɗin nan na ciwon jiki da ake ƙullawa a leda, har da diclofenac a ciki, galibi ma ciki ba komai. Bayan gidana ya koma baƙi ƙirin mai wari, ban kula ba. Ranar da na yanke jiki na faɗi a wurin aiki aka ce gyambo ne ke zubar da jini a cikina. Sai da 'yan'uwa suka ba da jini. 'Yan'uwana leburori da masu tuƙi, don Allah ku rage ƙwayoyin nan.

Ɗan_Fagge:
Allah ya ƙara lafiya Malam Garba. Wannan kam na yarda, na san mutum biyu da ya faru da su.

Nafisa_Abinci:
Akwai wani abu da ba a ambata ba, shayi. Ganyen shayi na da sinadarin tanin da ke kama ƙarfen da ke cikin abinci ya hana shi shiga jiki, kofi ma haka. Mu kuma ga shayi da burodi da safe, ga shayi bayan tuwon dare.

Mai_Shayin_Kwana:
Haba Malama, kada ki kashe mana kasuwa mana. Buzaye dare da rana suna kan shayi, ga su nan garau.

Nafisa_Abinci:
Ba cewa na yi a daina ba, Malam. A raba shi da abinci ne kawai, a ba da tazarar kamar awa ɗaya. Wanda jininsa ke cike kuma yana samun nama ba zai ga wani bambanci ba. Mai ciki da ke haɗiyar ƙwayar ƙarfe ta asibiti da shayi mai madara ita ce ke asara.

Ɗan_Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Mu nan Nijar ma matsalar ɗaya ce, ku je likita ranar awon mata ku gani. Abin da ke ɗaure mini kai, an ce hatsi na da ƙarfe fiye da shinkafa da masara, mu kuma hatsi muke ci safe da dare, fura da tuwo. To me ya sa bai wadatar ba? Na san dai a 2018 an fito da wani irin hatsi a nan mai suna Chakti, wanda masu bincike na cibiyar binciken noma ta ICRISAT suka samar, an ce ƙarfensa ya fi na sauran kuma yana nuna da wuri. Wasu manoma wajenmu sun karɓe shi.

Nafisa_Abinci:
Tambaya mai kyau, Ɗan Maraɗi. Gero na da ƙarfe, gaskiya ne, wake ma haka, da zogale, da alayyahu, da rama, da riɗi, da daddawa. Matsalar ita ce ƙarfen tsirrai kaɗan jiki ke iya ɗauka daga ciki, don hatsi da wake na ɗauke da wani sinadari, fitet, da ke riƙe shi. Na nama da kifi da kayan ciki shi ne ke shiga da sauƙi. Amma iyayenmu na da dabarun da ke rage fitet ɗin ko da ba su san sunansa ba: jiƙa gero ya kwana, barin gasara ta yi tsami kafin a dama koko, tsiro da ake yi wa hatsi. Sannan duk abin da ke da bitamin C yana buɗe hanya. A matsa lemon tsami a kwaɗon zogale, a yanka ɗanyen tumatir a kan wake, a ci gwaba ko lemo ko mangwaro bayan abinci, a sha kunun kuka na garin 'ya'yan. Ko ɗan nama ko kifi kaɗan a miya yana taimaka wa ƙarfen ganyen ya shiga. Fura da nono abinci ne mai riƙe ciki, amma nonon ba ya ƙara komai ta wannan fannin.

Maman_Hanifa:
Tunda an zo maganar nama bari in faɗi abin da ke raina, maza ku yi haƙuri. A gidaje da yawa in an yi miya tsokar kwanon maigida take tafiya, sai yara maza, uwar gida ta ƙare da romo da ƙashi. Shi kuma in ya fita ga tsire ga balangu a bakin titi. Likita ya ce mace ta fi namiji buƙata fiye da ninki biyu, amma rabon a juye yake.

Alhaji_Sabo_Kwari:
Hajiya ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Ni ban taɓa cin nama a waje ban kai gida ba. Kuma a duba halin da ake ciki, magidanci nawa ne ke iya sayen nama ko sau ɗaya a sati yanzu? Wani ko wake ya gagare shi. Talauci ne tushen abin, ba mugunta ba.

Maman_Hanifa:
Alhaji ban ce mugunta ba ce, sabo ne. Sau da yawa ma mu matan ne ke yin rabon da hannunmu, haka muka ga iyayenmu na yi. Amma ko ɗan kaɗan ɗin da aka samu, a san wa ya fi buƙata.

Sista_Rabi:
Ku duka biyun kuna da gaskiya. Abin da zan ƙara, al'adarmu ta san mai jego na buƙatar nama, shi ya sa ake yin ƙauri ana gasa mata. Sai dai an bari sai bayan haihuwa, alhali wata tara ɗin nan ne jiki ya fi ja. Ciki ɗaya na cin wajen miligiram 1000 na ƙarfe, tsakanin jariri, mabiyiya, ƙarin jinin uwa da wanda za a zubar wajen haihuwa. Yarinya ta shiga ɗakin miji da ma jininta bai cika ba, ta haihu, kafin ta mayar da abin da ta rasa wani cikin ya shiga, ga ɓari a tsakani. A haihuwa ta biyar ko ta shida sai ka ga mace ta zo naƙuda da jinin da ko ɗan zuba kaɗan ba za ta iya ɗauka ba. Zubar da mai cikakken jini za ta jure, ita sai ta tafi da ita. Wannan ne ke hana ni barci a aikin nan.

Kuma don Allah a daina cewa jar ƙwayar ƙarfen da ake bayarwa a awo na sa jariri ya yi ƙato a kasa haihuwa. Ba gaskiya ba ne. Mata da yawa na karɓa su zuba a ƙarƙashin katifa.

Amaryar_Bichi:
Sista ni ba don wannan na daina ba. Tashin zuciya take sa ni, ga bayan gida ya yi tauri ya yi baƙi, na tsorata. Yanzu ma da na karanta labarin Malam Garba tsoron ya ƙaru.

Likitan_Zaure:
Amarya, baƙin bayan gida ga mai shan ƙwayar ƙarfe abu ne da aka saba, ragowar da jiki bai ɗauka ba ce ke fita. Na Malam Garba daban ne, shi ba ya shan ƙwayar, kuma irin nasa yana da danƙo da wari mai tsanani. Ki koma wurin awo ki gaya musu. Ana iya mayar da shan zuwa dare, ko bayan ɗan abinci, ko a canza iri, wani lokaci likita kan ce a sha yau a tsallake gobe. Kada dai ki bari gaba ɗaya ki yi shiru. Ga wanda ake yi wa maganin ƙarancin ƙarfe kuma, ko awo ya nuna jini ya dawo akan ci gaba da sha kamar wata uku. Kuma a ɓoye ƙwayoyin nan inda yara ba za su kai ba, suna kama da alewa, in yaro ya haɗiye da yawa suna iya kashe shi.

Jarumar_Sikila:
Don Allah a saka mu a lissafi. Mu masu sikila kullum jininmu a ƙasa yake, amma ba ƙarfe muka rasa ba, ƙwayoyin ne ke saurin fashewa. Wanda aka sha yi wa ƙarin jini ma ƙarfen taruwa yake yi ya yi masa yawa, ya taɓa hanta da zuciya. Amma duk wanda ya zo dubiya sai ya riƙo kwalbar tonik, in ka ƙi sha a ce ka raina. Folik asid ake ba mu, ƙarfe kuwa sai likita ya auna ya ga babu.

Sani_ɗakin_gwaji:
Jaruma ta taɓo wuri mai muhimmanci. PCV kaɗai ba ya faɗin dalili. Cikakken awon jini yana nuna girman ƙwayoyin, in ƙanana ne masu kodaɗɗen launi an fi zargin ƙarfe, in manya ne a duba folik asid da B12. Sannan akwai feritin, shi ke nuna ajiyar ƙarfe. Ku ɗauka feritin rumbu ne, himogulobin kuma tuwon da ke cikin kwano: rumbu na iya kusa ƙarewa ana ci gaba da tuƙa tuwo kamar kullum, sai ya ƙare ƙaf kwanon zai nuna. Don haka masu ƙarancin ƙarfe da jininsu bai riga ya sauka ba suna nan da yawa, ba su ma shiga kashi 58 ɗin ba. In feritin ya gaza 15 babu shakka ajiya ta ƙare. Sai dai yana hawa in akwai zazzaɓi ko kumburi a jiki, don haka mai maleriya zai iya nuna adadi mai kyau alhali babu komai. Ga shi ba kowane ƙaramin asibiti ke yin sa ba, kuma ya fi PCV tsada nesa ba kusa ba.

Bahaushiya_a_Amurka:
Alhaji Sabo ya ce talauci ne tushe, ban musa ba, amma ba shi kaɗai ba ne. Nan Amurka nama ba ya gagarar yawancin mutane, duk da haka wani bincike da aka wallafa a 2024 ya nuna wajen kashi 14 na manya ajiyar ƙarfensu ta yi ƙasa, kuma mata masu al'ada ne suka fi yawa a ciki. Ni kaina jinina na nuna daidai, amma gashina na zuba, ƙafafuna ba sa barina barci da dare sai na yi ta motsa su. Feritin ne ya tona. Da ƙwaya ta ƙi zama min a ciki ta jijiya aka ƙara min.

Sista_Rabi:
Na jijiyar nan an gwada shi a nan gida ma. An yi wani babban bincike a kan masu ciki sama da dubu ɗaya a Legas da Kano, Farfesa Bosede Afolabi ta Jami'ar Legas ta jagoranta, da Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero a ɓangaren Kano, sakamakon ya fito a 2024. An ga ƙarin ruwan ƙarfe sau ɗaya ya fi ƙwaya cike ajiyar jiki, amma yawan matan da suka rage da ƙarancin jini dab da haihuwa bai bambanta sosai ba tsakanin ɓangarorin biyu. Ni abin da na ɗauka a ciki shi ne maganar Likita, ba ƙarfe kaɗai ke ja mana ba. Shi ya sa a awo muke haɗawa da maganin kariyar maleriya, da gidan sauro, da maganin tsutsa.

Manomin_Kadawa:
A ƙara da tsargiya. Mu masu noman rani da ke wuni cikin ruwan kanal, fitsarin jini ba baƙon abu ba ne, tun muna yara wasu ma ɗauka suke alamar balaga ce. Manya da yawa na da ita suna ɓoyewa. Maganinta praziquantel, ba shi da wuyar sha, amma an fi raba wa 'yan makaranta, mu iyayensu da ke cikin ruwan ba a cika tunawa da mu ba.

Zongo_Boy_Kumasi:
Gaisuwa daga Gana. Nan tun 2017 gwamnati ta fara ba 'yan mata ƙwayar ƙarfe da folik asid sau ɗaya a sati a makarantu. Ƙannena sun sha. Da farko iyaye a zango sun yi ta tsoro wai maganin hana haihuwa ne, sai da malamai da nas-nas suka zauna da su. Ina ganin gara a fara tun kafin aure da a jira sai ciki ya shiga.

Auwal_Keke:
Tambaya, Likita. Ni ina ba da jini in an nema, wani lokaci ma ba a daɗe da na baya ba. Zai iya jawo min?

Likitan_Zaure:
Allah ya saka da alheri Malam Auwal, aikin lada ne. Amma kowace leda na tafiya da ƙarfe miligiram 200 zuwa 250, jiki kuma ɗaya zuwa biyu yake tsotsa a rana in ba an ƙara masa ba. Ka riƙa barin aƙalla wata uku tsakani, kuma kada ka yarda a ɗiba ba a auna ka ba. Samarin da ke zaman bakin asibiti suna sayar da jini a kai a kai, su ne na fi tausaya wa.

Abban_Sultana:
Na gode ƙwarai jama'a, na ƙaru. Amma har yanzu rabin tambayata na nan. An ba ni adadin mata da na yara, na maza fa? Mu nawa ne cikin ɗari?

Sani_ɗakin_gwaji:
Binciken 2018 mata da yara kawai ya auna, bai haɗa da maza ba. Amma akwai ƙiyasin duniya da aka wallafa a 2023: a shekarar 2021 mutum biliyan 1.92 ke da ƙarancin jini, kusan ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya. Mata kashi 31, maza kashi 17 da rabi. Yammacin Afirka ne ya fi ko'ina, wajen kashi 47 in an haɗa kowa da kowa. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma na ɗaukar duk inda ya kai kashi 40 a matsayin babbar matsalar lafiyar al'umma. A maza ya fi bayyana a ƙuruciya da kuma bayan tsufa.

Ɗan_Fagge:
To ni ga inda na tsaya. Na yarda akwai masu fama, labaran nan ba ƙarya ba ne. Amma wa ya yanke 12 da 13 ɗin nan? Na karanta cewa tun 1968 aka sa su, kuma galibi da awon Turawa. In an ɗauko ma'aunin wasu an ɗora mana, dole a ce rabinmu ba lafiya.

Likitan_Zaure:
Ɗan Fagge, wannan ba maganar banza ba ce, masana ma na muhawara a kai, kuma akwai binciken da ya nuna matsakaicin himogulobin na baƙar fata ya ɗan yi ƙasa da na Turawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake duba ma'aunin a 2024, ta sauke na tsakiyar ciki zuwa 10.5 da na ƙananan yara 'yan ƙasa da shekara biyu, ta bar na manya yadda yake. In an sauke layin kaɗan adadin zai ragu, ban musa ba. Amma wajen rabin matan da aka samu da matsalar a 2018 matsakaicin mataki suke, ba bakin layi ba, su ko an sassauta ma'auni suna ciki.

Sista_Rabi:
Ni dai ba ruwana da inda aka ja layin. Matar da ke zuwa min da 8 tana wata tara, ko da ma'aunin wa aka auna ta tana cikin haɗari.

Ɗan_Fagge:
A kan irin wannan ba mu da saɓani, Sista. A kan mai 11 da rabi da ke harkokinta lafiya lau nake magana, ita ce ban yarda a kira ta marar lafiya ba.

Maman_Hanifa:
Ni ma "lafiya lau" ake ce min a lokacin, Malam.

Ummu_Khairat:
Malam Sani, in na je asibiti me zan ce a auna min, PCV ɗin ko ɗayan? Kuma sai na je ban ci komai ba? Sannan mahaifiyata ta haura sittin, ita ma tafin hannunta fari, tana yawan haki, tonik take ta sha ba canji.

Sani_ɗakin_gwaji:
Ba sai kin je da yunwa ba. Ki fara ganin likita ki gaya masa maganar farar ƙasar da yadda al'adarki take, ki nemi cikakken awon jini, in da hali a haɗa da feritin. In kina zazzaɓi ki bari ya sauka kafin a yi feritin ɗin. Mama kuwa ku tafi tare, ku riƙe kwalaben da take sha da duk wani maganin ciwon gwiwa ko na baya da take amfani da shi, likita zai so ya gan su. A shekarunta ba a tsayawa a kan tonik, za a duba bayan gida da ƙoda.